Kawu Arzika, Mai Ɗanɗana wa Dangi Magani

Tun bayan sadakar arba'in ta Kawu Arzika 'yan'uwa ke matsa mini in rubuta wani abu a kansa, ni kuma ina ja da baya, don ban amince da ƙwaƙwalwata ba. Wasu abubuwan na gani da idona, wasu a bakin matarsa Inna Ige na ji, kuma mai yiwuwa na gauraya su. Shi kansa marigayin, yayan mahaifiyata, "Malam Wataƙila" yake kirana tun da na dawo daga jami'a, wai bai taɓa jin na yanke magana ɗaya ba.

Duk wanda ya san shi a Argungu ya san ƙa'idarsa: magani ba ya shiga cikin wani nasa sai ya fara ratsa nasa cikin. Masunci ne, kuma ya gaji cire ƙayar kifi daga maƙogwaro. In an kawo wanda ƙaya ta maƙale wa, sai ya yi tofi a ruwa, ya kurɓa, sannan ya miƙa. Ina jin daga nan abin ya yaɗu har ya kai ga kowane magani da ya shigo unguwa. "Kawo in ji!" Ko daga bayan katanga ka ji wannan, ka san Kawu ne.

Akwai wata Bayarabiya, Iya muke ce mata, mai sayar da agbo, jiƙon saiwoyi irin na mutanensu. Da ya ji matan gidanmu sun fara saye, sai ya je ya tsuguna gaban kwalabenta.

"Baba, ina ke maka ciwo?" in ji Iya.

"Lahiyata lau. Zuba dai."

"Wanne?"

"Duka!"

Ranar bai je kogi ba. Tsakanin ɗaki da bayi ya wuni, buta a hannu. Da la'asar na tarar da shi ya jingina da bango, idanu sun faɗa. Na ce, "Kawu, wataƙila ya yi yawa."

"Wataƙila! Kai, matar ga tana da gaskiya. Har tuwon sunana ta hiddo. Ku saya, amma ɗaya-ɗaya."

Da matata ta haihu nono ya yi jinkiri, wata Bafulatana mai kawo mana fura ta zo da jiƙo a ƙwarya. Na roƙe shi, na ce wannan kam na mata ne. Ina! Ya kafa kai, sai da ya kusa raba ƙwaryar biyu. Abokan wasansa suka samu abin yi. Kullum a bakin kogi sai an ce, "Arzika, ɗaga riga mu gani, ya kawo?" Shi kuwa ko a jikinsa. "In ya kawo, ku miƙo jinjirin. Uwar ta huta."

Akwai kuma wani ɗan ƙasar Sin, ban tabbata ba ko aikin shinkafa ya kawo shi wajen Zauro ko aikin hanya. Mutumin ya iya soka siraran allurai don ciwon baya, kuma wani ɗan ƙanen Kawu da ke masa direba yana son a yi masa. Kawu ya hau mota har can, mu ma muka bi shi. Ba su jin yaren juna, sai kawai ya tuɓe riga ya kwanta rub da ciki a tabarma, ya nuna bayansa. Aka jera masa allurai ya koma kamar bushiya. Muna tsaye cikin fargaba, sai muka ji minshari! Da ya farka ya yi miƙa, ya ce, "Wanga ai ƙaho ne, na wanzaman da ke tsoron jini. A yi wa yaro."

Ba ina cewa a yi koyi da shi ba. Na sha gaya masa akwai haɗari, ya sha ce mini in tafi in auna haɗarin in dawo.

Abin da ya tayar mana da hankali shi ne ranar da jiri ya kayar da shi cikin kwalekwale. A asibiti a Birnin Kebbi likita ya ce hawan jini ne, kuma in bai riƙa shan ƙwaya kullum ba, faɗuwa ta gaba tana iya shanye masa ɓarin jiki. Mutumin da ya sha maganin nono, sai ga shi ya ƙi wannan!

"Ni na ɗanɗana wa marasa lahiya ne. Ni ba mara lahiya ba ne."

Na kawo masa bayani, na kawo limami, har Iya ta zo ta yi masa faɗa. Ko gezau. Inna Ige ce ta ce in ba ta ƙwayoyin in rufe bakina. Washegari da safe ta dafe kai, ta ce ita ma likita ya ce jininta ya hau, ga maganinta, amma ba ta sha sai an ɗanɗana.

"Kawo in ji!" Ya haɗiye.

Kashegari ta sake miƙo masa. Ya ce, "Ba na ji shi jiya ba?"

"Na jiya ka ji, Malam. Wa ya san abin da sunka sa cikin na yau?"

Ya ce lallai ta yi hankali, ya haɗiye. Ita kuma ta juya baya ta jefa ƙwayar gyaɗa a baki, ta tauna, ta bi da ruwa. Ni dai kullum gabana na faɗuwa kada ya gane. Haka aka yi shekaru. Ya koma kogi, ya aurar da jikoki, har jinjirin nan nawa sai da ya kai shi makaranta da kansa.

A ciwonsa na ƙarshe, wanda tsufa ne kawai, ya jawo hannuna. "Malam Wataƙila, jinin Ige ya sauka?"

Na ce, "Wataƙila, Kawu."

Ya yi dariya har da tari. "Maganin da ake tamnewa yana ƙamshin gyaɗa! Tun ranar farko na ji. To mace ta tashi kullum ta yi maka dabara don ka rayu, sai ka kunyata ta? Kada ka gaya mata na sani."

Ban gaya mata ba sai bayan rasuwarsa, kuma har yanzu ban san ko na yi daidai ba. Ta yi dariya, ta share ido da gefen mayafi, ta ce, "Ja'iri. Shi ya sa yake sawo mini gyaɗa ban aike shi ba."

Allah ya jiƙan Kawu Arzika, ya yafe masa, ya shayar da shi abin da ba ya buƙatar a ɗanɗana masa. Allah ya ba Inna Ige haƙuri da lafiya.

Waɗanda suka je Zauro tare da mu, da masuntan da suka fi ni saninsa, in na yi kuskure ko na tsallake wani abu, don Allah ku same ni ku gyara mini.