Littafin da Ba Shi da Izini

Har yau in na ji ƙamshin jawul, sai tafin hannuna na dama ya yi sanyi. Bari in gaya maka dalili.

Mu biyu ne a gidanmu na Kusada, ni da kakana. Mahaifiyata ta rasu ina goye, mahaifina kuma Turawa suka ɗauke shi soja, aka tafi da shi yaƙin ƙetare, ba saƙo ba labari. Gidan ya yi mana yawa. Kakana malamin duba ne, ƙasa yake bugawa, har daga Tafashiya ake zuwa masa a kan saniyar da ta ɓata ko matafiyin da ya daɗe. Amma in ya baza yashi don ɗansa, sai ƙasa ta yi gum. Yakan ce ba ta magana a kan jinin mai bugunta.

Ya tsani littattafan ɗab'i. Asirin da ba a durƙusa gaban malami an nemi izininsa ba, a wurinsa tawada ce kawai a kan takarda. Shi ya sa na yi mamaki wata ranar kasuwar Kankiya, bayan girbi, da ya ja ni wurin wani ɗan koli da ya baza irin littattafan a tabarma. An gaya masa akwai littafin da ke koyar da kiran rauhanai su nuna mutumin da ya yi nisa. Ya saya. Sannan tsohon nan da ake tuɓe wa takalmi ya durƙusa, ya miƙa goro.

"A ba ni izininshi."

Ɗan kolin ya yi sororo. "Malam, ni ko baƙi ban sani ba. Daga Kano na saro su."

"To, shi na Kanon, wa ya ba shi?"

"Inji ne ya buga, Malam."

Washegari da hantsi ya zaunar da ni a zaure, ya turara jawul, ya zana hatimi a tafin hannuna, ya ɗiga tawada a tsakiya. Littafin ya ce sai yaron da bai balaga ba ne zai gani. Ya yi ta karanto sunaye masu nauyi.

"Uwargida, mi kika gani?" Haka yake tsokanata, amma ranar babu wasa a ciki.

"Ido."

"Na wa?"

"Nawa ne, Kaka."

Haka muka yi ta yi har ruwa ya sauka. Na so in gani, wallahi na so. Ban riƙe fuskar mahaifina ba, ina tsoron ko ya zo cikin tawadar ban gane shi ba. Sojoji suka fara dawowa da akwatunansu, ba wanda ya san inda namu ya shiga. Wata rana kakana ya ɗebo ruwa a buta, ya wanke mini hannu da kansa.

"Ba laifinki ba ne, ɗiyata. Littafin ne ba shi da izini."

Na yarda. Sai da na girma na gane abin da ya guda. In littafin daidai ne, to rauhanai sun duba ba su sami ɗansa a bayan ƙasa ba ke nan. Ya gwammace ya ɗora wa inji laifin. Har ya rasu yana sa ni share ɗakin mahaifina duk Juma'a.

Yanzu littattafan nan birjik suke a tashar Kankiya, har a waya ake tura su, ba mai durƙusa wa kowa. Jikokina kan tambaye ni ko na yarda da abin, in ce musu ban sani ba. Abin da na sani shi ne, yau na girmi kakana, amma in an ambaci mahaifina, har yanzu na kasa buɗe baki in ce Allah ya jiƙansa.