Mazarƙwailar Kufan Kanya

Har yau idan na ratsa kasuwar Makarfi na ga an jera mazarƙwaila a faifai, sai in ji zuciyata tana tashi. Jikokina sun ɗauka ciwon sukari nake tsoro, na bar su a haka. Abin ya samo asali ne tun ina yaro, a ƙauyenmu da ke tsakanin Makarfi da Kudan, shekarun farko bayan Turawa sun miƙa mulki.

Lokacin sanyi, da an idar da sallar isha'i, Kaka takan tura kututture a wuta a ƙofar ɗakinta, mu kewaye ta, ni da ƙannena da 'ya'yan Baffa Ilu, ƙanin babana. Tana kaɗi tana ba mu labari, mazari na juyawa, goro a kumatu. Ni take tsokana da Maigida, ta ce ta auri rago mai gyangyaɗi tun ba a kai rabin tatsuniya ba.

Yamma da ƙauyen akwai Kufan Kanya, tsohon garinmu, wanda aka tashi daga cikinsa aka dawo bakin hanya tun Kaka na goyon fari. Ganuwarsa ta zube ta zama tudu, ramukan marina sun cike, sai wata ƙatuwar kanya da ta rage a tsaye. Mutanen zamanin da a cikin gida suke binne mamacinsu, bayan ɗakinsa. Mahaifiyar Kaka tana kwance a gindin kanyar nan, kuma duk ƙauyen an san haka.

Wata shekara noman rake ya haukata mutane. Baffa Ilu ya kafa injin matsa rake wanda doki ke juyawa, ya kuma lura ƙasar kufai baƙa ce wuluk, tokar murhu da kashin dabbobi na kaka da kakanni. Taki ne na banza, ba mai shi. Ya fara kwasa da jakai a mangala zuwa fadamarsa. Daga ganuwa ya faro, kullum ramin yana matsowa wajen kanya. Kaka ta yi masa magana, ya ce, "Inna, ƙasa ce fa kawai."

Ran nan muna zaune ya zo wucewa, ta ce, "Ilu, zo ka ji ɗumi." Ya tsuguna ba da son ransa ba.

"Ga wata nan tafe," in ji ta, "ba ta kura ba ce, ba ta zomo ba. Daga bakin kakanku na ji ta."

Muka ce, "Ta iso lafiya, Kaka."

Kakanmu, Allah ya ji ƙansa, ya yi wa wani Bature aikin kuku a Zariya. Baturen ja ne wur, gashinsa kamar gemun masara. Idan zazzaɓi ya kayar da shi ba Turanci yake yi ba, wani yare yake yi na can garinsu, yana kiran sunayen ƙauyuka ɗaya bayan ɗaya. Da ya warke kakanmu ya tambaye shi, shi ne ya ba shi labarin.

Ƙasar su Baturen, in ji Kaka, can take inda duniya ta ƙare a bakin ruwan gishiri. Ruwan ya shiga cikin duwatsu ya yi mata yatsu-yatsu, a gindin kowane yatsa ƙauye, a gaba kuma tsibirai. Ba rani ba damina, kullum yayyafi. Itace babu, sai su yanko baƙar ƙasa su shanya, da ita suke hura wuta. Akwai wasu dogayen duwatsu da mutanen farko suka kafa a tsaye, da wani rumbun dutse da ya fi rimi tsawo, ba wanda ya san maginansa. Sunayen ƙauyukan sun fi ƙarfin harshenta, sai ta raɗa musu nata: Bakin Gishiri, Dutsen Hankaka, Tungar Masunta.

"Gidajensu na dutse ne da jinka," ta ce, "kuma mutum da saniya ɗaki guda suke kwana. Kashin saniyar ba a kwashe shi sai shekara ta kewayo. Ciyawar da ruwa ya watso gaɓa, mai yauƙi da ƙarni, ita ce takinsu, ita ce kuma miyarsu. Ranar biki a samo tumbin tunkiya, a cusa masa huhu da gari, a ɗaure, a dafa."

Muka ɗauki ihu. "Tir! Ƙazamai!" Ƙanwata ta toshe hanci. Baffa Ilu ma ya yi dariya ya tofar da yawu.

"Ni ma da na ji, ranar ban ci tuwo ba," in ji Kaka. "Amma ku tsaya."

Wata rana masu ƙasar suka ga tunkiya ta fi talaka riba. Aka zo aka cinna wa jinkunan wuta, aka kora mutane bakin ruwa, aka zuba su a jirage zuwa inda ba su sani ba. Ƙauyukan suka zama kango, tumaki na kwana a ɗakin da aka yi haihuwa. Kakar Baturen nan a ɗaya daga cikinsu aka binne ta. Al'adarsu kuwa, duk inda aka sauke makara aka huta sai a tara duwatsu, mai wucewa ya ƙara nasa. Shi ya sa in Baturen ya je hutu yakan taka da ƙafa har kangon, ya kori tumaki, ya ɗora dutse.

Ta ajiye mazari. Ba ta dubi kowa ba, wutar take kallo.

"Garin ya mutu tun kafin a haife shi, amma ya san inda kakarsa take kwance. Mutanen da kuke cewa ƙazamai ke nan. Sun kwana da saniya, sun ci tumbi, amma ban ji wanda ya loda uwarsa a mangala ya kai gona ba. Nan ta tsaya, ban ƙara mata gishiri ba."

Baffa ya miƙe yana kaɗe wando.

"Inna, na ji. Ba zan taɓa gindin kanya ba."

"Allah ya sa, Ilu."

Wataƙila da gaske yake a lokacin. Amma ba shi ke riƙe da magirbi ba, 'yan ƙodago ya ɗauko daga wajen Likoro, su kuwa inda ƙasa ta fi baƙi nan suke bi, shi kuma bai je ya nuna musu iyaka ba. Wata safiya na kai masa fura fadama, na ga wani abu fari a cikin takin da aka baza. Muƙamuƙi ne, da sauran haƙora a jiki. Baffa ya tura shi da ƙafa ya rufe da ƙasa, ya ce na jaki ne. Na sha ganin mushen jaki a bayan gari. Wannan ba na jaki ba ne.

Kaka ta dogara sanda ta je kufai da kanta, na bi ta. Rami muka tarar, saiwoyin kanya a waje suna reto. Ta kewaya, ta sake kewayawa, tana auna wurin da ido daga inda ƙofar gidansu take a da. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Maigida, mu je gida." Daga ranar ba ta ƙara tura kututture a wuta don mu ba.

Raken kuwa ya yi kyau irin wanda ba a taɓa gani ba, kauri kamar damtsen ƙato. Da sanyi ya dawo aka sare, doki ya yi ta kewaya inji, ƙamshin dahuwa ya cika ƙauye. A gidanmu dahuwar farko uwa ake kai wa ta sa albarka. Baffa ya shigo da faifai cike, ya durƙusa. Mu yara mun riga mun warci ɓaraguzai a bakin kasko, nawa yana bakina yana narkewa.

"Inna, ga ta fari. A sa mana albarka."

Kaka ta daɗe tana duban faifan. Sannan ta tura shi gefe da bayan hannu.

"Kai wa masu saye, Ilu. Ni na riga na sha nonon uwata, ya ishe ni."

Sai a lokacin na gane abin da ke bakina. Na ruga bayan ɗaki na yi ta amai.

Da na girma na shiga makarantar horon malamai a Zariya, na ga ƙasar nan a taswira, yammacin Sikotilan a Birtaniya, da yatsun ruwanta kamar yadda Kaka ta faɗa. Na ga hoton kangayen a wani littafi, kowanne da sunansa a ƙasa. Na ji haushin masu tumaki, amma ƙyamar da na ji ba tasu ba ce. Mutanen kangayen can baƙin ciki aka yi musu. Mu ba wanda ya kore mu, da jakanmu muka kwashe garinmu, muka dafa, muka kai kasuwa.

Bara na ɗauki babban jikana na ce zan nuna masa Kufan Kanya. A hanya na tsinci dutse na riƙe. Muka isa, ba tudu, ba marina, kanyar ma an sare ta tuni, masara ce shimfiɗe har inda ido ya tsaya. Yaron ya ce, "Kaka, a ina ne?"

Na daɗe a tsaye ina dube-dube. Dutsen yana nan a kan tagar ɗakina.