Baba Tsuguna na Kasuwar Rogo

Muna cikin lodin dawa da hantsi, a gefen kasuwar Rogo inda manyan motoci ke tsayawa, sai ga wani ɗan acaɓa ya ratso ta tsakanin buhuna. Ya yi sallama, ya tambaya wane ne Haruna a cikinmu. Na ce ga ni. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, sai haƙuri. Daga Kwanyawa aka aiko ni. Allah Ya yi wa Malam Sale rasuwa bayan sallar asuba, kafin azahar za a kai shi." Buhu na kafaɗata a lokacin. Ban jefar da shi ba. Na tsuguna a hankali, na zame shi ƙasa yadda marigayin ya koya mini, sannan bakina ya iya furta Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Daga Allah muke, kuma ga wani namu ya koma.

Malam Sale shi ne shugaban 'yan dakon wannan kasuwa, amma in ka shigo kana neman Malam Sale, sai an yi ta kallon-kallo kafin a gane wanda kake nufi. Baba Tsuguna muke ce masa, manya da yara. Sunan ya samo asali ne daga kalmar da ta fi kowace yawa a bakinsa. Da ya hango mutum ya miƙe ƙafafu ya sunkuyo zai cicciɓi buhu, sai ka ji tsawa daga inuwar rumfa: "Tsuguna!" Ko baƙo ne ba ya ƙyale shi.

Na san shi tun farkon shekarun tamanin, lokacin da fari ya cinye mana shanu na shigo gari neman abin da zan riƙe iyali. Ranar farko ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Bafillatani, wannan jikin naka kamar sillen kara, kai za ka ɗauki buhu ko buhu ne zai ɗauke ka?" Na ji haushi, na ce masa na sha ɗaga maraƙi. Ya yi dariya ya miƙo mini tsintsiya. Haka ƙa'idarsa take: babu mai taɓa kaya da sassafe sai ya yi shara, ya zagaya filin lodi, jikinsa ya ɗumama. Daga nan a fara da buhunan dusa marasa nauyi, sai gumi ya karyo a koma kan gero da gyaɗa. Ya kan ce jijiya da safe kamar kirgi take, in ba ta yi laushi ba tsagewa za ta yi.

Shi kansa ba ya ɗaukar komai. Zaune yake kan ɗan benci da basilla a hannu yana ɗinke bakin buhuna, sandarsa jingine a gefe. In ya miƙe sai ka ga ya karkace ɓangare guda. Tun yana saurayi, a zamanin da gyaɗa ke tashe, ya sungumi buhu daga ƙasa shi kaɗai don abokai su yaba, ya murɗa ƙugu zai jefa shi mota, sai ya ji wani abu ya ce ƙas a kwankwasonsa. An kai shi wurin mai ɗori, an sha saiwoyi, an je asibiti, ciwon ya lafa amma bayan bai ƙara komawa daidai ba. Duk shekarun da na san shi, a zaune yake salla a ƙarshen sahu, ishara yake yi da kai a madadin ruku'u.

Koyarwarsa ba ta da yawa, amma ba ya gajiya da maimaita ta. "Ka tsuguna wa buhu kamar za ka gaida surukinka," in ji shi, "baya a miƙe, kai a sama. Ka rungume shi ya manne da ƙirjinka, sannan ka tashi da ƙarfin cinya." In za ka juya da kaya, ka juya da ƙafafu, kada ka murɗa ƙugu. In ka ji baya ya fara yi maka magana, ka sauka ka huta a ranar, a gasa maka da ruwan ɗumi, kada ka ce sai ka gama mota. Na sha ganin ya zare mutum daga layi saboda ya lura da yadda yake dafe ƙugu in ya ɗauka babu mai kallo. Mutumin ya yi ta rantsuwa lafiyarsa ƙalau, Baba ya ce, "Na ji. Zauna ka riƙe mini zare."

Babbar dokarsa kuwa, wadda ta fi jawo masa baƙin jini, ita ce babu mai ɗaga cikakken buhu daga ƙasa shi kaɗai. Kowa da abokin kamu. A wurin ɗan dako, ya buɗe baki ya ce "kama mini" abin kunya ne, kamar ya yarda ƙarfinsa ya gaza. Baba Tsuguna ya yi shekaru yana yaƙi da wannan kunyar. 'Yan kasuwa masu gaggawa suna ƙorafin yana ɓata musu lokaci, direbobi suna zaginsa a bayan ido, shi kuwa ko a jikinsa. Ba zan ce mutum ne mai sanyin hali ba, domin ba shi da shi. Yana da faɗa, yana da naci, kuma in ya kafe a kan magana sai dai ka gaji ka bari.

Abin da ya sa yake haka, ni na gan shi da idona. Shekaru kaɗan da zuwana, mahaifiyarsa ta rasu a ƙauyensu Kwanyawa, muka je jana'iza. Kowa ya san yadda ake yi: in an ɗauko makara, mutane na karɓa-karɓa, wannan ya sa kafaɗa ya yi 'yan taku, wancan ya karɓe shi, kowa na neman ladansa. Malam Sale ya miƙa mini sandarsa ya kutsa ya sa kafaɗa a ƙarƙashin makarar uwarsa. Bai yi taku uku ba ƙafarsa ta lanƙwashe, makarar ta yi tangal-tangal, aka yi maza aka janye shi. A maƙabarta ma maƙwabta ne suka shiga kabarin suka karɓe ta. Shi yana tsaye a baki, dogare da kafaɗata, hawaye na bin gemunsa. Tun da muka juyo ban taɓa tayar masa da zancen ba.

A farkon shekarun casa'in Ɗanlami ya shigo cikinmu. Saurayi ne daga Sabon Gari, ƙirji kamar faifai, kuma ya san da haka. Da yamma, bayan ya yini yana dako, sai ya tafi wani kango inda shi da abokansa suka cika gwangwanaye da siminti suka zura ƙarfe a tsakani, suna gasar ɗagawa. Baba ya ɗingisa har can wata rana. Bai hana su ba. Ya zauna ya kalla, ya ce su fara da ƙaramin kafin babban, su daina fizga, kuma wanda ya yi lodi a yini kada ya ƙara wa bayansa wani lodin da yamma. Samarin suka yi ta ƙunshe dariya. Ni aka haɗa da Ɗanlami a matsayin abokin kamu, amma wata da watanni bai taɓa ce mini "kama mini" ba. Sai na juya baya ya sungume abinsa.

Ranar da abin ya fashe, ƙarshen damina ne, hadari ya haɗo ta gabas, ga gyaɗa jibge a fili, direba na ta danna ham. 'Yan kallo suka fara zuga Ɗanlami, wai shi ne zai iya haɗa buhu biyu a tafiya ɗaya. Ya cire riga, ya ɗora buhu kan buhu, ya ce mini, "Baba Haruna, matsa gefe." Kafin ya sunkuya, Baba Tsuguna ya taso da sandarsa, ya zo ya zauna daram a kan buhunan.

"Baba, tashi mana, ruwa zai sauko," in ji Ɗanlami.

"Ya sauko. Gyaɗa in ta jiƙe a shanya ta."

Mutane suka kwashe da dariya, ran yaron ya ɓaci. Ya ce da ƙarfi, kowa na ji, "Don kai ka nakasa, shi ya sa ba ka son ganin mai ƙarfi. Hassada ce kawai!"

Na ɗaga hannu zan kai wa Ɗanlami mari, Baba ya girgiza mini kai. Ya dubi yaron ya ce, "Ɗanlami, mahaifinka yana da rai?"

"Yana nan."

"Tsoho ne?"

"Ya tsufa."

"To ni ranar da aka ɗauko uwata, maƙwabta ne suka kai ta, ina biye da sanda. Tambayi Haruna, yana wurin. Buhu ɗaya na sayar da wannan ranar a kansa, don a tafa mini. Waɗanda suka tafa ɗin ko sunansu ban tuna ba yanzu. Akwai kayan da ke jiranka a gida, ɗana, wanda babu mai ɗaukar maka shi ka ji daɗi. Ka ajiye masa bayanka."

Wannan ne karo na farko da na ji ya faɗi maganar da bakinsa, kuma shi ne na ƙarshe. Ɗanlami ya ɗauki rigarsa ya fice daga kasuwar. Ruwa ya sauko, wasu buhunan suka jiƙe, mai kaya ya zazzaga wa Baba rashin mutunci a gaban jama'a, ya shanye. Kwanaki suka wuce ba mu ga yaron ba, har na ce wa Baba mun rasa shi. Ya ce, "In dai da bayansa ya tafi, ba mu yi asara ba."

Wata safiya na iso na tarar an share filin lodi tas. Ɗanlami ne riƙe da tsintsiya. Ya je ya durƙusa gaban Baba, ban ji abin da suka ce ba. Da aka fara aiki ya tsuguna gaban buhu, ya ɗago kai ya dube ni, murya ƙasa-ƙasa ya ce, "Baba Haruna, kama mini." Na kama. Daga ranar sauran samarin suka daina jin kunyar kalmar, tunda wanda ya fi su ƙarfi ya faɗe ta. Bayan 'yan shekaru mahaifin Ɗanlami ya rasu. Ɗanlami ne ya riƙe gaban makarar, shi ya shiga kabarin ya kwantar da shi. Da ya dawo kasuwa bayan zaman makoki, ya zauna kusa da bencin Baba ya daɗe yana riƙe masa zare.

Bara ƙafafun Baba suka fara ƙin ɗaukarsa, ya koma Kwanyawa gaba ɗaya. Na je duba shi da kaka, na same shi kwance a zaure ya rame, amma bakin na nan. Tambayarsa ta farko bayan gaisuwa ita ce, "Bafillatani, suna tsugunawa kuwa?" Na ce suna yi. Ya ce ƙarya nake, ya san wasu na satar sunkuyo. Muka yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ban san ganin ƙarshe ke nan ba, da na ƙara zama.

Ranar rasuwar muka bar dawa a fili, muka cika mota guda muka tafi. Baba bai bar ɗa namiji ba, 'ya'yansa duka mata ne. Bayan an sallace shi, liman ya ce a ɗauka. 'Yan dakon Rogo suka kewaye makarar, kuma babu wanda ya ce wa wani komai, sai na ga duk sun tsuguna a tare, baya a miƙe, kai a sama, suka tashi da shi lokaci guda ko girgiza bai yi ba. A nan kukan da nake dannewa tun hantsi ya ƙwace mini. Aka yi ta karɓa-karɓa a hanya, ni ma da furfurata na sa kafaɗa na yi nawa takun, kuma bayana bai ce mini komai ba. A bakin kabari aka tambaya wa zai shiga. Ɗanlami ya riga kowa sauka. Ya miƙo hannuwa, ya dubi waɗanda ke sama ya ce, "Ku kama mini."

Ya Allah, ga bawanKa Sale ya zo gare Ka. Ka jiƙansa, Ka gafarta masa kurakuransa, Ka yafe masa zafin bakinsa, domin mu da ya yi wa faɗan mun yafe tuntuni. Ka yalwata masa kabarinsa, Ka haskaka shi, Ka sa ciwon da ya yi shekaru yana fama da shi ya zame masa kankarar zunubi. Ka ba Inna Hajara, matarsa, haƙurin wannan rashi, Ka rufa wa 'ya'yansa da jikokinsa asiri, Ka ba mu ikon riƙe zumunci da su. Duk ɗan dakon da ya tsufa yana iya ruku'u, duk wanda ya iya ɗaukar mahaifinsa zuwa makwancinsa, Ka kai ladan ga wanda ya tsare mana bayanmu. Kuma ranar da za Ka tashe mu, ya Ubangiji, Ka tashe shi a miƙe, ba sanda a hannunsa. Amin.