Raƙumin Dawa a Gindin Turmi

Wata safiya a ranin 1974, mun yi layi a filin lakol, wato makarantar bokon ƙauyenmu, kusa da Gazawa, sai Idi ɗan mai unguwa ya duƙa ya ciro ƙarangiya daga ƙafar wandona ya ɗaga ta sama. "Ku zo ku ga kalacin Buzaye!" in ji shi. Layi ya kwashe da dariya, ni kuwa na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ba ƙarya ya yi ba. Gero ya bushe a tsaye tun kafin ya fid da kai, rumbunmu ya zama wurin kwanan kaji, babanmu ya tafi ci-rani Katsina, ƙafafun ƙanwata Hajo kuma sun soma kumbura. Kakarmu, wadda aka sauko da ita daga duwatsun Azbin tana yarinya, ita ta ce ciyawar nan da kowa ke tsallakewa abinci ce. Kullum sai ta kora mu daji da tsintsiya da ƙwarya mu sharo ƙarangiya, ta babbake ƙayar, ta daka, ta sheƙe, ta dama wa Hajo kunu da 'yar ƙwayar da ta fito. Mu da aka haifa a gona, Hausa kaɗai a bakinmu, ba abin da muke gudu kamar a tuna mana asalinmu.

In ta gaji da daka sai ta zauna a gindin turmi ta zana raƙumin dawa a ƙasa da yatsa. Ta ce haka mutanen zamanin da can suka sassaƙa shi a jikin dutsen garinsu, kusa da wani ruwa da ba ya ƙafewa, inda ragunan dutse ke saukowa sha. Tana faɗin sunayen abubuwan da Buzanci, ni kuma ina leƙen dangar kara kada wani ya ji. "Maigidana, kunnenka na nan, idonka na waje," take ce mini cikin wasan jika. Kafin damina ta faɗi, uwar Idi da kanta ta shigo da mayafi a fuska tana tambayar yadda ake babbakar. Kaka ta nuna mata. Hajo ta tashi, yau jikokinta sun cika gida.

Na yi yawo bayan haka. Na yi ciniki da Larabci, na yi aiki da Faransanci, Zabarmanci da Fillanci ma sun zauna a bakina. Sai da furfura ta fito na taka Azbin, lokacin gwamnati ta riga ta killace yankin, ba farauta, ba saran itace. Na iske raƙumin dawan a jikin dutse, dogon wuya da zane-zanen jiki, kamar yadda yatsan Kaka ke yi. Wani dattijo mai tsaron wurin ya ƙura wa fuskata ido, ya yi murmushi, ya gaishe ni da Buzanci. Na buɗe baki, sai Faransanci ya fito.

Dutsen ya sami masu tsaro, nasa zanen yana nan. Na gindin turminmu kaji ne suka share shi, ina tsaye ina leƙen danga.