Ranar da Tambari Ya Yi Ƙara a Hanya

Ranar Litinin, da kaka, bayan sallar asuba, muka fita daga Birnin Kudu, ni da Baba Ilu mai jakai. Sarkin Tambura ya rako mu har ƙofar gari. Fatar babban tambarin Sarki ce ta yage, za mu kai shi Gwaram wurin tsohon da ya iya ɗaura sabuwa.

"Kada ya yi ƙara a hanya," in ji Sarkin Tambura. A shekarun nan mahara na saukowa daga duwatsun kudu, kuma duk wanda ya ji tambari ba a fada ba, ya san yaƙi ne.

Gwaram

Mun kwana a Sundimina, aka ba mu tuwon dawa da miyar kuka. Talata da la'asar muka isa. Aikin ya ci kwana shida. Tsohon ya ɗaura fatar bijimi, ya naɗe tambarin da gwado biyu, bai gwada shi ba.

Komowa

Da hantsi muka iso wani ƙauye mai kafi, shingen itace kewaye da shi. Mai gadin ƙofa ya tare mu.

"Me ke kan jakin, Baba?"

"Kayan da ya fi ƙarfin kakanka," in ji Baba Ilu.

"Ashe? Bari mu ji."

Kafin in buɗe baki ya sauke wa tambarin gora sau biyu. Gwadon bai hana ƙarar fita ba.

Mutane suka watsar da yankan dawa suka sheƙo. Makiyaya suka kora shanu cikin gonaki, suka tattake dammunan da ke ƙasa. Aka rufe ƙofa da mu a ciki. Wani ya hau doki zai kai labari gaba. Na riƙe linzamin dokin, na kwance gwadon a gaban dagacin ƙauyen.

Ya daɗe yana duban tambarin. Ya cire takalmansa, ya durƙusa ya yi gaisuwa, sannan ya juyo gare ni.

"Malam, dawar wa za mu ci bana?"

Na mayar da gwadon kan tambarin.

Gida

Laraba da azahar muka shiga Birnin Kudu. Na faɗi gaban Sarki na zayyana komai, har maganar Baba Ilu. Ya sa aka buɗe rumbunsa aka kai wa ƙauyen dawa. Na gode wa Allah, na gode wa dagacin.

Ni ba a sake aikena da kayan sarauta ba. Tambarin ma bai sake fita ba. In fatarsa ta yage, tsohon ake ɗaukowa daga Gwaram.