Kujerar da Inna ta Kife

A majami'ar ƙauyenmu babu benci, har yau ɗin nan. Kowa da kujerarsa, irin 'yar gajeruwar nan da mata ke zama a kai in suna tuƙin tuwo. Ranar da aka yi maka baftisma ake sassaƙa maka taka, a sa ƙarfe a wuta a yi maka alama a ƙarƙashinta. Tawa layi uku ne. Ta Inna, mahaifiyata, gicciye ne da ɗigo ɗaya a gefe.

Gidajen Kirista bakwai ne kacal a wurin, tsakanin Kafinsoli da Sukuntuni, sauran maƙwabtanmu duk Musulmi ne. Ban san wanda ya kawo dokar kujerun nan ba, mun dai tashi mun tarar da ita. In ka yi tafiya, kujerarka tana nan inda take, ba mai zama a kai. In ka mutu, a kife ta a jikin bangon baya, a jere, wanda ya riga tafiya shi ne a farko. In kuwa ka shekara bakwai ba a ji ɗuriyarka ba, dattawa su kife taka ita ma. Ba cewa aka yi ka mutu ba, an dai daina jiranka.

Ni da faɗa na bar garin. Matar babban dattijon ikkilisiya ta faɗi wata magana a kan mahaifina a bakin rijiya, shi kuwa bai shekara a ƙasa ba, na ajiye guga na kwaɗa mata mari. Aka ce in tashi ranar Lahadi in ba da haƙuri a gaban jama'a. Na ce sai dai a mutu. Inna ta ce, "Ki ba da haƙurin nan, ba ya rage ki da komai." Na ce ashe ke ma kina bayansu. Maganar ƙarshe ke nan da na yi mata ido da ido, kuma har gobe tana ci mini rai.

Na tafi Kano, daga can Fatakwal, na kama ɗinki. Shekara ashirin da ɗaya ban leƙo ba, ban aiko ba. Labari dai yakan iske ni ta bakin masu zuwa ci-rani, ni ce ba na bari nawa ya koma. A haka na ji matar da na mara ta rasu. Bayan shekara goma da wannan aka nemo lambata aka ce Inna ta rasu. Na ce ƙafata ke ciwo, ba zan iya doguwar tafiya ba. Ƙarya nake yi. Tsoro nake ji in shiga ɗakin nan in ga layi ukuna suna kallon sama.

Sai da Inna ta shekara biyu a ƙasa na kama hanya. Damina ce, ranar Lahadi da safe. Na sauka Kankiya, mai mashin ya ajiye ni a bakin hanya, sauran na taka da ƙafa. Gero ya fi ni tsawo dama da hagu, hadari ya rufe sama, ba iska, ko ganye ba ya motsi. A 'yar siririyar hanyar nan na ci karo da tsohon maƙwabcinmu, Musulmi ne, katangarmu ɗaya da shi tun ina ƙarama. Yana ganina ya ja da baya har cikin gero, fartanya ta zame daga kafaɗarsa. Ya yi salati a hankali, ya ƙura mini ido.

"Ɗiyatta ce," ya ce, kamar da kansa yake magana. Sannan ya ce mini, "Sannu da zuwa. Ki tahi, sun riga sun shiga."

A lokacin na tuna shekaruna sun kai na Inna ranar da na bar ta. Ɗaurin ɗankwalina ma irin nata ne, ban taɓa lura ba.

Ƙarfen tayar motar da ake bugawa a kira mutane yana nan rataye a bishiyar bedi. Daga ciki ina jin waƙa da bugun tulun 'yan zumuntar mata. Na tsaya a ƙofa. Mutanen ba su kai goma sha biyar ba, kujerun da ba kowa a kai sun fi su yawa, kowace tana tsaye a wurinta tana fuskantar gaba. Wata ta waiwayo ta gan ni, ta yi shiru. Ta kusa da ita ma ta yi shiru. Haka waƙar ta yi ta mutuwa layi bayan layi, mai tulu ce ƙarshe, ta ƙara bugu biyu ita kaɗai sannan ta ɗora hannu a bakinsa.

Ni kuwa da taurin kaina ban gai da kowa ba, na nufi bangon baya kai tsaye. In an kife ni, in gani da idona in juya, mai mashin ma bai yi nisa ba.

Na durƙusa ina bin alamomin. Na ga ta mahaifina. Na wuce biyu, sai ga gicciye da ɗigo. Na taɓa ta. Itacen ya yi fari, gara ta ci gefe ɗaya, zanzaro ya yi gini a kan tsohon gininsa tsakanin ƙafafun. Wannan ba kifewar shekara biyu ba ce. Na duba ta gaba da ita. Ta matar dattijon ce, wadda ta riga Inna mutuwa da shekara goma. Bayanta akwai wasu shida. A jerin matattun ƙauyenmu, Inna ta riga su duka. Na bi har ƙarshen bango ban ga layi uku ba.

"Ba nan take ba," in ji wata murya. Gwaggo ce, yayar mahaifina, ta tsufa ƙwarai, idanunta sun yi fari. Ko waiwayowa ba ta yi ba. "Taho nan kusa da ni."

A gefenta, wajen taga, akwai kujera ba kowa. Ta yi baƙi, tana sheƙi, tsakiyarta ta lotsa. Na ɗaga ta na leƙa ƙarƙashi. Layi uku. Na ce, "Gwaggo, wa ke zama a kujerata?" Har da ɗan zafi na faɗa, ku ji ni fa, mai shekara ashirin da ɗaya a waje.

Gwaggo ta ba ni labarin a gaban kowa, ba ta rage murya ba. Da shekara bakwai ta cika, dattawa suka sa ranar kife tawa. Da suka shigo da safe sai suka tarar Inna ta riga su. Ta kife tata da hannunta a bangon baya, ta zo ta zauna a kan tawa. Suka ce ba a yin haka. Ta ce doka ta ce a kife kujera ɗaya daga gidanta, ga ta can an kife, wadda ake zaune a kai kuma ba a kife ta sai an ɗaga mai zaman. Ba wanda ya iya ɗaga ta. Shekara goma sha biyu tana wuce kujerarta a cikin na matattu kowace Lahadi, ta zo ta zauna a tawa.

"Da ta rasu fa?" na ce.

Wani tsoho ya amsa daga ɓangaren maza. Sai da ya yi magana na gane shi, babban dattijon ne, ya rame ya zama rabin yadda na san shi. Ya ce, "Da muka dawo daga biso, mun rufe ta, mun zo mu kife, ba mu san wadda za mu kife ba. Tata tana can tun tuni. Wannan kuma taki ce."

Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, da baƙin ciki, har da haushin Inna, don ta yi mini abin da ba ni da hanyar rama mata. Ina riƙe da kujerar na juya wajen tsohon na ce, "Baba, na mari matarka a bakin rijiya. Ka yi haƙuri." Kalmomin ba su fi haka ba. Su ne na kasa faɗa har uwata ta mutu.

Ya ce, "Ita ta yafe tun kafin ta tahi. Zauna, ɗiyata, muna tsakiyar waƙa."

Na ajiye kujerar na zauna. Da ɗumi na ji ta. Na gaya wa kaina rana ce ta taga, alhali na san tun safe rana ba ta fito ba. Ban san me zan ce a kai ba har yanzu.

Mai tulu ta buga, Gwaggo ta ɗauki waƙar daga inda aka tsaya. Inna tana da ciwon ƙugu, kullum a karkace take zama, ta jingina nauyinta a hagu. Shekarun nan sun cinye ƙafar kujerar ta wannan gefen. Na yi ƙoƙari in zauna daidai, ta mayar da ni hagu. Na sake gyarawa, ta sake mayar da ni, har kafaɗata ta taɓa ta Gwaggo. Gwaggo ta ɗan matso ba tare da ta daina waƙa ba, ta tare ni da kafaɗarta yadda ta saba.