Man taransifoma ba maganin gwiwa ba ne

Jiya da hantsi na tarar da maƙwabcina Baba Bukar, tsohon masunci, tsugune a gindin taransifomar unguwarmu a nan Haɗejiya, yana tatsar mai a kwalba. An ɗauke wuta, amma wa ya san lokacin da za a maido ta?

Na ce, "Baba, don girman Allah me kake yi?"

Ya ce, "Gwiwa ce, Malam Garba. Sanyin kogi ya shige ta. Man nan ya sha wuta, shi ke korar sanyi."

Na bayyana masa abin da na karanta a takardar wayar da kai. A cikin tankin akwai naɗin waya biyu a jikin ƙarfe guda. Mai yawan zagaye ke karɓar babbar wuta, mai ƙarancin zagaye ke fitar da ita daidai ƙarfin gidajenmu. Man shi ke sanyaya su. Idan ya ragu sai su ƙone, injin burtsatsen da duk unguwa ke sha ya tsaya.

Ya saurare ni tsaf, sannan ya ce, "Kwalba ɗaya ce fa. Ai duk masuntan layinmu sun riga ni."

Wallahi raina ya ɓaci. Na duba gilashin awon mai da ke jikin tankin, man ya sauka ƙasa da alama. Yau na kai rahoto ofishin 'yan wutar lantarki, ban ambaci sunan kowa ba.

Jama'a, ku ma haka ake yi a unguwanninku? Ni dai na cika randunan gidana gaba ɗaya.